Ranar da Kwamfuta Ta Manta da Gwaggo

Ranar Litinin da safe na buɗe shago, na kunna kwamfuta, sai ta tarbe ni da shuɗin allo da rubutu a tsakiya: ana sabunta ta, kada in kashe. Ban kashe ba. Ni mutum ne mai biyayya ga duk abin da ya yi min magana da manyan baƙi. Na share shago, na goge teburin yanka, na dawo na tarar tana kashi talatin da ɗaya. Na fita na gaisa da maƙwabcina mai walda, ya ba ni labarin ciwon bayansa tun daga ranar da ya fara, na dawo. Kashi talatin da ɗaya.

Sana'ata yankan sitika ce. Sunan shago a jikin gilashi, lamba a ƙofar mota, gargaɗin masu fitsari a jikin bango, duk ni ne. Ina zana haruffa a kwamfuta, ita kuma ta aika wa injin da ke gefenta, injin ya ja ledar sitika gaba da baya, wata 'yar wuƙa da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba tana yanka. Wannan injin shi ne Gwaggo. Shekararta goma sha shida a hannuna, kuma tun ranar farko in tana aiki gunaguni take yi, kamar wadda aka tasa daga barci aka aike ta kasuwa. Kamfanin da ya ƙera ta ya rufe tun 'yata Auta tana rarrafe. Gwaggo ba ta sani ba, ni kuma ban ga dalilin gaya mata ba.

Wajen sha biyun rana kwamfuta ta gama. Ta yi min maraba da hoton wani dutse mai ƙanƙara, ta sauya wa komai wuri, ta tambaye ni ko ina son ta riƙa gaya min yanayin gari. Na ce a'a, akwai ƙofa. Na danna manhajar zane, wadda ta zo tare da Gwaggo, ta buɗe ido ta rufe. Na sake dannawa, haka. A ƙasan allo kuma wani ɗan saƙo ya leƙo: ba a gane na'urar da aka jona ba.

Shekara goma sha shida suna tebur ɗaya.

Ba yau aka fara ba. An taɓa yin irin wannan sabuntawar, afdet kamar yadda ake ce mata, da ya kashe kwamfutar ana tsakiyar yanka, wuƙa ta tsaya a cikin wani harafi, na zubar da leda mita uku. An yi wanda ya ɗauke sauti wata guda, wannan kam na ji daɗinsa. Kullum sai in yi tsaki, in gaya wa mai walda cewa wannan ne na ƙarshe, in ci gaba da zama.

Amma wannan makon ba na tsaki ba ne. Ƙungiyar direbobin bas ta yi wa motocinta goma sha takwas sabon fenti, suna jere a garejin bayan layinmu fes da su, babu lamba ko ɗaya. Ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya jami'an duba motoci za su zo. Duk motar da ba ta da lambarta a ƙofofi biyu da baya, tsayin santimita ashirin cif, ba za ta hau titi ba sai zagaye na gaba, bayan wata guda. Shekara goma sha ɗaya ni nake yi musu wannan aikin, kuma in gaskiya za a faɗa, shi ne ginshiƙin da ya riƙe rufin shagon.

Ciyaman ɗinsu ya shigo ina durƙushe ƙarƙashin tebur ina hura bakin kebul. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai an kunna fitila.

"Mai Sitika, me kake nema a ƙasa? Ko lambobin nawa ne suka zube?"

"Ciyaman, barka da zuwa. 'Yar matsala ce, yanzu za ta wuce."

"Gwaggo ce?"

"Gwaggo lafiyarta ƙalau. Kwamfuta ce ta ce ba ta san ta ba."

Ya dubi kwamfutar, ya dubi Gwaggo, kamar wanda aka kira sulhun ma'aurata. "To ni dai ka ji. Mutum goma sha takwas ne, kowa da bakunan da yake ciyarwa, kowa yana kirana kamar ni na haife shi. Yaran can na sabon shago, masu ƙaton injin nan, sun ce kwana ɗaya ya ishe su. Na ce musu ina da mutumina. Laraba da azahar zan leƙo. In ban ga aiki yana tafiya ba, kada ka ga laifina."

"Ba za a kai ga haka ba."

"Haka direbana ya ce ranar da taya ta riga shi isa tasha."

Na ɗauki kwamfuta a ka, a zahiri, na kai wa mai gyara a bakin titi. Ya saurare ni da rabin kunne, ya danna nan ya danna can.

"Alhaji, ai ba kwamfutar ce ta lalace ba. Injinka ne ya tsufa. Sabon tsarin ya daina karɓar irinsu."

"Ranar Asabar da na rufe shago bai tsufa ba."

"To, Lahadi ta shiga tsakani."

"Wa ya ce a sabunta ta? Ni na nema?"

"Ba a tambaya yanzu. Don tsaronka ne."

"An tsare ni daga aikina kam."

Ya yi dariya, ya ce zai mayar da ita yadda take kafin afdet, amma shawararsa in sayi sabon inji in huta. Na ce na gode, shawara ce mai kyau ga wani mutum dabam.

Talata da safe komai ya dawo. Manhajar zane ta buɗe, Gwaggo ta yi gyaran murya ta kama gunaguni. Na yanka lambobin mota biyu, na je gareji na manna, na tsaya a tsakiyar direbobi ina bayanin yadda na ci ƙarfin kwamfuta. Na ɗan tsawaita bayanin. Daga nan na wuce na ci abinci, don mai nasara ma yana jin yunwa.

Da na dawo, shuɗin allo ne ya tarbe ni. Kada in kashe.

Wannan karon na kashe. Na fizge wayar daga bango da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Da na sake kunnawa ta gode min da haƙurina, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na zauna a kan kujerar baƙi na daɗe ina kallonta. Ban ji haushi irin na kullum ba, wani abu ne mai sanyi ya sauko min. Na ga cewa ko sau goma mai gyara ya mayar da ita, sau goma za ta koma, don ba ni take yi wa aiki ba. Ni dai ina biyan kuɗin wuta ne. Na ɗauki waya na kira matata.

Maman Auta tana aiki a laburaren wata kwaleji. Kwamfutocin da ke wurinsu duk waɗanda ofisoshi suka yar ne, kuma shekara biyu ke nan tana gaya min cewa sun cire musu tsarin da suka zo da shi sun sa wani, buɗaɗɗe, wanda mutane a ko'ina suka taru suka rubuta, kowa yana iya leƙa cikinsa ya gyara, kuma ba ya sabunta kansa sai ka ce masa bismillah. Shekara biyu ni kuma ina amsa mata da cewa abin da aka bayar kyauta ba zai iya aikin sana'a ba, na masu jera littattafai ne.

"Maman Auta, kina da aiki bayan an tashi?"

"Me ya faru? Muryarka kamar an kwance maka taya."

"Abin nan naku. Na filas."

Ina jin murmushinta ta cikin waya, har da haƙora.

"Wane abu? Na masu jera littattafai?"

"Shi."

"Sake faɗa, layin ba kyau."

"Layin lafiya lau yake, ke ma kin sani."

Ƙarfe huɗu da rabi ta iso da jakarta da filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, a ɗaure da jan zare. Ta zauna a kujerata, ta gyara tsayinta ba tare da neman izini ba.

"Baban Auta, ka kwashe ayyukanka tukuna?"

"Na kwashe tas." Na nuna mata nawa filas ɗin da alfahari.

"To ba za mu goge komai ba yanzu. Za mu tashe ta daga filas mu gwada. In bai yi maka ba, ka koma wajen masoyiyarka."

Allo ya yi baƙi, rubutu ya yi ta gudu kamar tururuwa, sai ga wani fili mai tsabta ya bayyana, babu dutse, babu mai tambayata yanayin gari. Ta sauko da wata manhajar zane, da wata ƙarama ta masu injin yanka. A cikin ƙaramar akwai jerin sunayen injuna, dogo, ta yi ta gangarawa. Ina tsaye a bayanta ina shirya abin da zan ce in ba a samu ba. Na ma shirya shi da kyau.

"Karanto min abin da ke rubuce a bayan Gwaggo."

Na goge ƙura da babban yatsa na karanto mata haruffa da lambobi. Ta tsaya. Ga shi nan a jerin, tsakanin wasu injuna biyu da ban taɓa ji ba. Kamfanin da ya haife ta ya mutu, mai gyara ya yi mata addu'a, amma wani bawan Allah a wani wuri ya zauna ya rubuta sunanta.

Ta zana murabba'i ta aika. Bayan daƙiƙa uku Gwaggo ta ja leda ta fara mita.

"Goge tsohon tsarin," na ce.

"Ka tabbata? Za a iya barin su biyun tare."

"Wanda ya fizge min aiki sau biyu a mako ɗaya ba zai kwana a shagona ba. Ina maɓallin?"

Ta nuna min. Allon ya tambaye ni ko na tabbata, abin da tsohon bai taɓa yi ba. Na danna da yatsana.

Minti ashirin aka gama. Na jona filas ɗina don in buɗe lambobin ƙungiya, sabuwar manhaja ta dubi fayilolin ta ce ba ta san wannan yaren ba. Na gwada wani, na gwada goma. Duk zanen da na yi a shekara goma sha shida yana nan, ba abin da ya ɓata, amma a kulle cikin sigar da tsohuwar manhajar Gwaggo kaɗai ke buɗewa, ita kuma afdet ya riga ya kashe ta.

"Da safe da ta dawo tana aiki," in ji Maman Auta a hankali, "ba ka fitar da su a sigar da kowa ke karantawa ba?"

"Da safe ina da uzuri."

"Wane uzuri?"

"Ina gareji ina jawabi."

Ta rataya jakarta. Shekara ashirin da uku da aure sun koya mata inda shiru ya fi zafi.

Wani zai ce lamba ai lamba ce, a ɗauki kowace a yanka. Ba haka ba ne. Lambobin ƙungiyar suna da surarsu: shida mai tumbi, bakwai mai ƙugiya, huɗu a buɗe ta sama. Motocinsu arba'in da ke kan titi duk haka suke, kuma fasinja tun daga nesa da surar yake gane motar unguwarsu kafin ya karanta. Ciyaman ya fi son a taɓa masa gemu da a taɓa wannan bakwai ɗin. Kuma ba daga kwamfuta suka fito ba. Yayana ne ya zana su da hannu.

A shagon Yaya na koyi aiki. Shi mai rubutun allo ne na burushi da fenti, ni na fara da wanke masa burushi. Da na sayi Gwaggo na ware, kuma a gaban mahaifiyarmu na ce masa nan da shekara biyar ba mai sake riƙe burushi sai mai share takalmi. Aikin ƙungiya ma nasa ne kafin ya dawo hannuna. Bai yi faɗa ba, ya ba ni zanen lambobin da kansa. Tun daga nan muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya in taro ya haɗa mu, amma bai taɓa taka shagona ba.

Laraba da sassafe na same shi a rumfarsa, yana zana wa wata babbar mota zaki a baya. Na gaishe shi har ƙasa. Ya amsa bai juyo ba.

"Lafiya, Ƙaramin? Wani ya rasu ne?"

Shekarata hamsin da biyu, da furfura a gemu, har yanzu Ƙaramin.

Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da jawabin gareji. Ya gama gashin wuyan zakin tukuna, ya tsoma burushi a kananzir.

"Wato ita kwamfutar ta ce injinka ya tsufa."

"Haka ta ce, Yaya."

"Ba ta yi shawara da kai ba."

"Ba ta yi ba."

"Ta dai tashi da safe ta yanke hukunci cewa zamaninsa ya wuce." Ya goge hannu a tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Kai, abin ba daɗi. Ko a gaban wa ta faɗa?"

Na sunkuyar da kai na karɓa. Hakkinsa ne, kuma ya daɗe a ajiye.

"Ɗauko min jakar can," ya ce.

A shagona ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa Gwaggo kallo, kamar surukin da aka daɗe ana ba shi labari. Na ce mu je gareji mu kwafo daga jikin mota. Ya ce in kwafo wa? Ya shimfiɗa farar takarda a teburin yanka, ya ja layi biyu da rula, ya ɗauki fensir. Daga sifiri zuwa tara, minti arba'in, bai goge ko sau ɗaya ba. Ya cike su da baƙar tawada.

Na ɗauki hotonsu da waya na tura kwamfuta. Sauran aikin nawa ne, a manhajar da ban fi kwana ɗaya da saninta ba. Duk abin da hannuna ya saba yana hagu, yanzu yana dama. Na kira Maman Auta sau shida, a na bakwai ta ce in ina so ta rasa aikinta ne in faɗa mata kai tsaye. Amma na gano inda ake sa manhaja ta bi gefen zane ta mai da shi layin yanka, na gyara kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya, Yaya a bayana yana cewa tumbin shidan ya faɗa, a ƙara masa abinci.

Sha biyu da rabi na yanka lambar mota ta goma sha huɗu. Muka tsince ledar da ba a so, muka je gareji, na manna a ƙofar mota na shafe da katin roba. Ta yi kyau har na ji ƙwalla. Direbobi suka taru. Na buɗe baki zan fara jawabi, na tuna, na rufe.

Yaya ya ja da baya taku goma, ya karkata kai.

"Ta gaza."

"Yaya, ashirin na sa. Ga shi a kwamfuta."

"Ban ga kwamfuta ba, ƙofa nake gani. Ta gaza."

Na zaro tef ɗin awo don in kunyata shi cikin ladabi. Sha tara da ɗigo bakwai. Na sake aunawa daga ƙasa zuwa sama, ko tef ɗin zai canza ra'ayi. Milimita uku. Jami'an nan kuwa ba da ido suke dubawa ba, wani ma'aunin ƙarfe suke ɗorawa a kan lamba, in ta gaza ta gaza.

Daidai nan Ciyaman ya iso, azahar ta yi. Ya dubi mota uku masu lamba, ya dubi goma sha biyar marasa lamba, ya ga ina ɓare ta ukun.

"Mai Sitika, mannawa ake yi ko ɓarewa?"

"Ciyaman, ba ni zuwa la'asar."

"Na ba ka Litinin, na ba ka Talata." Ya ciro waya. Sai ya lura da wanda ke tsaye a gefena, ya mayar da wayar aljihu rabi. "A'a, Babban Malam! Kai ne da kanka?"

"Ni ne," in ji Yaya. "Ka ba shi la'asar ɗin. In bai yi ba, ni zan raka ka wajen yaran."

Ban san ko taimako ba ne ko barazana, amma Ciyaman ya yarda.

A hanyar komawa na ce abin mai sauƙi ne, zan sa ashirin da ɗigo uku a kwamfuta, ta fito ashirin. Yaya ya tsaya cak a tsakiyar layi.

"Wato rularka ta karkace, sai ka karkatar da allo. Gobe a kawo maka rubutun mita huɗu, nawa za ka ƙara? Jibi ka manta fa? Ba ka ce wannan abin ana buɗe cikinsa ba? To buɗe."

Na kira Maman Auta karo na takwas. Ta ɗauka da "Innalillahi". Na yi mata bayani, ta ce bayanin kowane inji yana cikin wani fayil na rubutu zalla, ta faɗa min inda yake, ta ce in yi kwafinsa kafin in taɓa, ta kashe.

Na buɗe shi. Shekara goma sha shida ina zaune gaban kwamfuta, ban taɓa ganin hanjinta ba. Na zaci zan ga abin tsoro. Layuka ne kawai, sunan inji, lambobi a gabansa. Na gangara har na sami Gwaggo. A gabanta an rubuta dubu ɗaya, adadin takun da take yi a kowane inci. A saman layin kuma wanda ya rubuta ya bar 'yar wasiƙa da Turanci. Na karanta a hankali, na fassara wa Yaya:

"Ya ce, ba ni da wannan injin, ban taɓa ganinsa ba. Wannan lambar cinta na yi daga wani mai kama da shi. Duk wanda yake da shi, don Allah ya auna ya gaya min."

Yaya ya matso ya leƙa allon, karo na farko.

"Shi ya rubuta cewa bai sani ba?"

"Ga shi nan."

"To wannan mutumin kirki ne. A auna masa."

Na zana layi mai tsawon mita ɗaya cif, Gwaggo ta yanka. Muka ɗora tef, Yaya ya riƙe kai, ni na riƙe wutsiya. Casa'in da takwas da ɗigo huɗu. Muka sake, don kada a yi wa bawan Allah ƙarya. Haka dai. Na ɗauko waya zan yi lissafi, na tsaya ina tunanin wanne ake rabawa da wanne, don ni da lissafi tun aji huɗu muka rabu ba baram-baram ba, amma ba a sake gaisawa ba. Yaya ya zaro alli daga aljihu ya juya ga bangona mai sabon fenti. Duk ransa yana faɗaɗa ƙaramin zane ya cika bango, wannan lissafin a yatsunsa yake.

"Dubu da goma sha shida," ya ce. "Da 'yan kai, amma bar su."

Na goge sifiri biyu na ƙarshe, na rubuta ɗaya da shida. Na adana. Ba wanda ya tambaye ni lambar sirri ta kamfani, ba wanda ya ce in jira. Na sake aika layin.

Mita ɗaya. Tef ɗin ya tsaya a kan ɗari kamar an kira sunansa.

Daga nan ba a sake magana mai tsawo ba. Mota goma sha shida, kowace wuri uku. Gwaggo tana yanka tana mita, ni ina jera na gaba a allo, Yaya yana tsince leda da bakin allura, kuma abin haushi, ya fi ni sauri a aikin da yau ya fara. La'asar Ciyaman ya leƙo ya ga tulin lambobi a tebur, ya ɗaga wata bakwai ya duba ƙugiyarta a haske, ya ajiye, ya aiko mana da ruwan sanyi. Kafin rana ta faɗi mun manna goma. Alhamis da sassafe muka ƙarasa shida, ta ƙarshe ina shafe ta motar jami'ai tana shigowa gareji.

Babbar cikinsu mace ce mai tabarau, ba ta dariya. Ta bi layi da ma'aunin ƙarfenta, ƙofa, ƙofa, baya. A kan goma sha huɗu ta ɗan daɗe, ko kuma ni na ga haka. Ta ɗora, ta ɗaga, ta yi alama a takarda, ta wuce. Goma sha bakwai suka samu izini. Ta goma sha ɗaya ta faɗi, amma a kan burki, kuma burki ba sana'ata ba ce.

Ciyaman ya damƙi hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Ya ce wata mai zuwa akwai wasu tara da za su shiga fenti, in shirya. Yaya ya ɗauki jakarsa ya ce zakinsa yana jiransa ba wutsiya. Na ce zan raka shi, ya ce in zauna, akwai wanda ya roƙi a gaya masa abu kuma har yanzu ba a gaya masa ba.

Da yamma Maman Auta ta nuna min inda ake aika irin wannan saƙon. Na rubuta da Turancina mai ɗingishi cewa ina da injin, shekararsa goma sha shida, mun auna sau biyu ni da yayana, lambar ita ce dubu da goma sha shida. Ta gyara min kalma uku, na mayar da ɗaya yadda take don kada ta saba.

Amsa ta zo ranar Asabar. Ya yi godiya, ya ce ya gyara, duk mai irin injin zai samu daidai daga yanzu. Ya ce shekara shida wasiƙar tana wurin, ni ne na farko da ya amsa. Sannan ya ce tunda injin yana gabana, akwai wasu abubuwa huɗu da shi ma cintarsu ya yi: saurin wuƙa, nauyin dannawarta, da wasu biyu da ban ma gane ba tukuna. Ko zan iya aunawa?

Na duba agogo, akwai sauran awa biyu kafin in rufe. Na ɗauko guntayen leda daga kwandon shara, na jawo tef, na fara da na farko.